Ranar da Muka Kai Zakara Gidan Kada

A gidana na Bagudo akwai wani zakara fingi, irin mai gashin nan a birkice kamar an taje shi ta baya. Duk gidan mutum ɗaya ke ƙaunarsa, ita ce jikata, 'yar babban ɗana, wadda muke riƙo tun da aka yaye ta. A lokacin ba ta daɗe da fara famfara ba, in ta yi dariya sai ka ga giɓi a gaba. Ita ta tsince shi yana ɗan tsako, ranar da shirwa ta ƙarar da 'yan'uwansa ta bar shi a bayan randa yana kyarma. Ta yi masa ɗaki da tsohon kwali, tana ba shi tsaki a tafin hannu, da safe ta ɗauki ɗan ƙoƙo ta bi gindin darni tana nema masa gara.

Da ya girma bai gode wa kowa ba. Ya kori sauran zakarun gidan zuwa maƙwabta, ya hau shinkafar da matata ta shanya ya barbaje ta da ƙafa, kuma duk faɗin gidan bai ga wurin cara ba sai bakin tagar ɗakinta. Matata ta yi haƙuri iyakar yinta. Da aka aiko cewa uban yarinyar zai zo daga Birnin Kebbi ranar Juma'a tare da abokan aikinsa, sai ta tsaya a tsakar gida, ta nuna zakaran da muciya, ta ce, “Wanga shi za ya tarbi baƙi.”

Yarinyar ba ta yi kuka a gabanta ba. Zaure ta biyo ni, ta tsaya a kaina ina gyara rediyo. Ni da ita akwai wasan kaka da jika, ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho.

“Tsoho, in kai mijina ne na gaske, ka hana.”

“Amarya, ni kaina haya nike a gidan ga. Ba ki ga in ta ɗaga muciya har ni nike kaucewa ba?”

Ba ta yi dariya ba. Nan na gane maganar ta wuce wasa.

A makon ne kuma jikokina maza biyu, 'ya'yan 'yata da ke aure a Sakkwato, suka zo hutu. Sun ji a bakin yaran unguwa cewa can wajen iyakar Benin akwai wani dattijo da ya tara namun daji a bayan gidansa, har da kada, suka dame ni sai na kai su. Ni na jawo wa kaina, don na cika musu kunne da labarin gidajen zu. Na yi shekaru ina bin manyan motoci da albasa da goro, kuma wanda ke jiran lodi a garin da ba nasa ba yana da lokaci fiye da buƙata. Wasu sukan tafi sinima, ni gidan dabbobi nake nema. Na shiga na Kano, na shiga na Yamai inda na daɗe tsaye ina kallon dorina tana hamma, na shiga na Kumasi ranar da ruwan sama ya kore kowa ya bar ni da birai. Duk inda na je, zaki kwance na same shi ya juya wa jama'a baya.

Ina cikin ba su labarin a kan tabarma sai yarinyar ta katse ni.

“A gidan dabbobin, ana yanka su?”

“A'a. Dabbar da ta shiga can ta tsira daga wuƙa. A ba ta abinci, a share mata ɗaki, mutane su zo su gan ta, sai tsufa ya ɗauke ta.”

Ta dube ni, ta dubi zakaran da ke tono a gindin turmi. Ta ce, “To, mu kai shi.”

Shawarar ta yi mini daidai, kuma na san ta inda zan ɓullo wa matata. An gaya mini dattijon ba ya karɓar komai a ƙofa, gidansa ne kawai kake shiga. A wurinmu kuwa ba a shiga gidan dattijo da tarin yara hannu na dukan cinya, sai da abin gaisuwa. Na same ta tana tankaɗe, na ce za mu tafi da zakaran mu gaishe da mai gidan.

Ta ajiye rariya. “Duk kajin gidan ga, wanga kaɗai ya dace da gaisuwa?”

“Shi ya fi girma. Ko so kike a ce mun kai wa dattijo ƙashi da gashi?”

Ta san abin da muka ƙulla, amma ba za ta ce a je gidan mutane da abin kunya ba. Sai ta ɗaga murya yadda yarinyar da ke laɓe a bayan ƙofa za ta ji. “Ku tafi da shi. Amma ku ji da kyau, kai da amaryar taka: in ya fita ya fita. In ƙafarsa ta sake taka gidan ga, ba ni jiran Juma'a.”

Maƙwabcina bakanike shi ya kai mu a tsohuwar fijo ɗinsa. Bayarabe ne, Kirista, amma a nan aka haife shi, Hausarsa irin tamu ce ta Kabi, har yakan yi wa jikokina na Sakkwato gyara. Muka fita da hantsi, ni a gaba, yaran a baya, zakaran a cikin kwando a kan cinyar uwar ɗakinsa. Damina ta ja baya a lokacin. Ta wajen Kaoje ruwa ya fara sakin fadamu, shinkafa ta yi ja a wasu gonakin, a wasu kuwa ambaliya ta kwantar da ita ta bar laka. Babura suna ta wuce mu, masu tafiya ɗauke da jarkoki, masu dawowa ɗauke da buhunan masara. Da muka matsa gaba sai wayar bakaniken ta yi ƙara, saƙo ya shigo yana yi mana maraba da Faransanci. Ya miƙo mini.

“Baba, karanta. Mun shiga Faranshi ke nan ba mu sani ba?”

“Ba mu shiga ba. Iskarsu ce ta ƙetaro.”

A hanya yarinyar ba ta kalli komai ba. Kanta na cikin kwandon, tana yi wa zakaran nasiha: kada ya yi faɗa da jimina, kada ya hau kayan mutane.

Gidan yana gefen wani ƙauye, a ƙarƙashin itatuwan kaɗanya, an kewaye shi da darni da tsofaffin kwanon rufi. Mai gidan ya fito da kansa, dogon tsoho mai farin gemu, mutumin Dandi. A da maharbi ne, daga baya ya yi aikin gadin daji a tsallaken iyaka, da ya gaji ya dawo wajen dangin matarsa ya zauna. Hausarsa ta ciniki ce, ba ta da yawa. Da na gaishe shi da Dandanci sai fuskarsa ta buɗe, ya riƙe hannuna bai saki ba har muka gama tambayar gida da ruwa da gajiya.

Na ce wa yarinyar ta kawo gaisuwar. Ta fito da zakaran, ta rungume shi tukuna, sannan ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Dattijon ya karɓa, ya sa mata albarka, ya ɗaga zakaran ya auna nauyinsa, ya lalubi ƙirjinsa da ɗan yatsa. Ban kawo komai a raina ba, don kowane namiji a ƙasarmu in aka miƙa masa kaza sai ya lalubi ƙirjinta.

“Shina son gara da safe,” in ji ta. “Kuma ba shi son a taɓa mishi zanko.”

“To, to,” in ji dattijon, yana murmushi. Ya ɗaure zakaran da igiya a jikin wani turke can ƙarshen filin, ya dawo ya ce mu fara.

Wurin ƙarami ne, duka bai kai filin makarantar firamare ba, amma na ga abin da ban gani a manyan ba. A can, tsakaninka da dabba akwai ƙarfe da rami da allon rubutu, kuma ma'aikacin bai san daga ina ta zo ba. A nan kowace dabba da tarihinta. Beguwar nan tarkon wani manomi ya kama ta a ƙafa, ga tabon. Gaurakan nan guda biyu ƙwai ne aka tsinto a fadama, kazar matarsa ta ƙyanƙyashe su. Mesar a rumbun wani aka same ta bayan ruwa ya janye, ta ƙoshi da ɓeraye ta kasa fita. Manyan kunkuru uku suna yawo sake a filin, ƙaramin jikana ya hau bayan ɗaya, ya tafi da shi taku kaɗan ya tsaya ya maƙale kai. Jiminar ta tsufa, wuyanta ya saɓule, amma da babban jikana ya matso da agogonsa mai ƙyalli sai ta kawo sara, ya yi tsalle baya ya faɗa kan bakanike.

“Ɗan birni! Kaza ce fa babba,” in ji bakaniken.

Bai rufe baki ba gwaggon biri ya zuro hannu ta ragar keji ya cire masa hula. Ya zauna a kusurwa yana jujjuya ta, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya jefar.

“Ya ji warin baƙin mai,” in ji babban jikana. Ranar ya rama.

Yarinyar ba ta shiga wannan ba. Duk kejin da muka je, ba dabbar take kallo ba, ɗakin take dubawa, kamar uwar da ta je ganin gidan da za a kai 'yarta. Ta leƙa ko akwai inuwa, ta duba kaskon ruwa ko an wanke. Na beguwa ta ce ya yi duhu. Na biri ko tsayawa ba ta yi ba. A wurin gauraka ta daɗe, don akwai yashi da reshen hawa, sannan ta jawo hannuna ta ce a kunnena, “Nan za a sa shi.”

Kada shi ne na ƙarshe, haka dattijon ke tsara zagayensa. Wani rami ne mai faɗi da aka ɗaure bakinsa da siminti zuwa ƙugun mutum, rabinsa ruwa kore, rabinsa tudu. Da farko ba mu ga komai ba. Dattijon ya ɗauki sanda ya bubbuga wani tsohon gwangwani, ya yi kira da wata murya daga maƙogwaro. Ruwan ya motsa, hanci ya fito, idanu suka biyo, sannan dukan jikin ya taso a hankali ya hau tudun. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ya buɗe baki ya tsaya haka, yana jira.

Sai a lokacin na lura cewa turken da aka ɗaure zakaran a bakin ramin yake. Na lura kuma da gashin kaji, fari da ja da baƙi, maƙale a jikin simintin. Dattijon ya sunkuya ya kwance igiyar, ya kama zakaran ta fukafukai.

Yaran maza suka hau tsalle. “Za a jefa! Za a jefa!”

Ashe su sun sani. Yaran unguwa sun gaya musu cewa duk mai son ganin kada yana cin abinci da kaza yake zuwa, kuma tun daga gida sun ɗauka abin da ya sa aka ɗauko zakaran ke nan. Ni da yarinyar kaɗai muka zo da wata niyya.

Ba ta yi ihu ba. Ta ruga ta cakumi rigar dattijon da hannu biyu ta rataya a jiki, har ƙafafunta suka bar ƙasa. Ni kuma na ce masa da Dandanci, da ƙarfi fiye da yadda ake yi wa dattijo magana a gidansa, ya dakata.

Ya dakata, zakaran na lilo a hannunsa. Ya dube ni, ransa bai so ba.

“Alhaji, ba don shi kuka kawo ba?”

Na jawo shi gefe na warware masa komai: shirwa da kwali, muciyar matata, baƙin Juma'a, da abin da na faɗa wa yarinyar game da gidajen dabbobi. Ya saurara har na gama, sannan ya girgiza kai.

“Abin da ka faɗa mata gaskiya ne. Wanda ke cikin keji ba na yanka shi. Amma na cikin keji da me zai rayu? Ni ba gwamnati ba ce. Masu zuwa daga Kamba da kaza suke zuwa, masu ƙetarowa daga Segbana da kaza suke zuwa. Mai kawo dawa ya kawo wa jimina, mai kawo gyaɗa ya kawo wa biri, mai kawo kaza ya kawo wa wancan. Haka gidan nan yake ci.”

Babu abin musu a maganarsa. A Yamai ma da idona na ga ana shiga da naman jaki ta ƙofar baya, na dai fi tuna hammar dorina.

Ya dubi yarinyar, wadda har yanzu ba ta saki rigarsa ba. Ya koma Hausa, a hankali. “Ɗiyata, saki. Ba a jefawa. A sa shi wurin gauraka, shi zauna.”

Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. Ita ba ta ɗauka ba. Ta saki rigar, ta share hanci da bayan hannu, ta tambaye shi, “In kadan ya ji yunwa, kuma ba wanda ya zo da kaza fa?”

Da wani ne da ya ce mata kada ta damu, mu shiga mota mu tafi. Dattijon kuwa ya juyo gare ni ya ce in fassara mata daidai, kada in rage.

“Da damina hanya takan yanke, sai a daɗe ba baƙo. In ya daɗe bai ci ba, nakan duba abin da ke tsakar gida. Ba zan rantse miki ba. Kazar da ta ƙyanƙyashe gaurakan nan ma, can ta ƙare. Matata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba.”

Na fassara, ban rage ba. Bakanike ya juya baya yana danne dariya. Yarinyar ta miƙa hannu ta ce, “To, ba ni abina.”

Nan maganar ta tsaya mana a wuya. In ta koma da shi, hukuncin matata na jiransa a bakin ƙofa, kuma matata ba ta faɗin magana ta janye. Ban da haka, dattijon ma ya ja zakaran jikinsa.

“Alhaji, an ba ni gaisuwa a gaban mutane, na karɓa, na sa albarka. In na mayar, na ƙi gaisuwarka ke nan. Ba a taɓa fita gidana da abin da aka shigo da shi ba.”

“Ni ma ban taɓa ba da abu na karɓe ba,” na ce masa. “Kuma ba zan fara da furfura ba.”

Muka tsaya, tsofaffi biyu da zakara a tsakani, kada na ƙasa da baki buɗe. Ƙaramin jikana ya ce, “To a jefa mana, kowa ya huta.” Ta juya ta harare shi har ya koma bayan wansa.

Sai ta tambaye ni, “Tsoho, yanzu zakaran na wa ne?”

“Nashi ne. Kin ba shi.”

“Ba na Inna ba?” Haka take kiran matata.

“Ba nata ba. Ba naki ba ma.”

Ta yi ɗan tunani. Ta koma gaban dattijon ta durƙusa kamar yadda ta yi da farko. “Baba, ka ba ni kiwonshi.”

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan. Mai akuya ko tunkiya ko kaza yakan ba wani ya riƙe masa a gidansa. Dabba tana nan ta mai ita, mai kiwo ba shi da ikon sayarwa ko yankawa, in ta haihu a raba. Ƙanwar matata ma akwai akuyarta a gidanmu a kan haka, kuma yarinyar ce ke kai mata dusa. Na ga irin wannan a wurin Fulani da Zabarmawa, na gan shi har arewacin Gana, ko'ina da sunansa, amma ban taɓa jin an yi shi a kan zakara ba.

Dattijon bai buƙaci fassara ba. Ya yi dariya har ya dafa bakin ramin.

“Kiwon zakara! Ɗiyata, mace ake ba kiwo. Wanga ba shi ƙwai, ba shi haihuwa. Mi za mu raba?”

“Shina haihuwa,” in ji ta. “'Yan tsakin unguwarmu duk fingi ne yanzu. Tambayi wanga.” Ta nuna bakanike.

“Wallahi gaskiya ta faɗa,” in ji shi. “Matata ta ce kajinmu sun zama kamar an wanke su ba a shanya ba.”

Dattijon ya share hawayen dariya. Ya dube ni, na dube shi. Ta wannan hanyar gaisuwata na hannunsa, bai mayar ba, ni ma ban karɓe ba. Ya kira matarsa ta kawo jan zare, ya zauna a kan wani kututture, ya ɗaura wa zakaran a ƙafar hagu, ya ƙulla da kyau. Ya ce shaidarsa ke nan, duk kajinsa haka suke. Ya sa bakanike ya matso ya zama shaida. Sannan ya miƙa mata zakaran da hannu biyu, ya yi magana da muryar da ake ƙulla ciniki da ita, ba ta wasa da yara ba.

“Zakarana ne. Na ba ki amana. Kar a sayar, kar a yanka, kar a ba boka. In ya yi ciwo a aiko mini. In ya mutu don kansa, ba ki da laifi.”

“Na karɓa,” in ji ta.

Saura kada, wanda aka kira aka bar shi da baki buɗe. Wannan nauyina ne, ni na sa aka tashe shi. Muka bar yaran wurin kunkuru, ni da bakanike muka koma wata mashaya da muka wuce a hanya, inda Sarkawa masunta ke fitowa da kamun rana, muka samo manyan tarwaɗa. Yaran maza suka ɓata fuska, wai kifi ba ya gudu ba ya kuka. Amma da dattijon ya wurga ta farko, kadan ya ɗaga rabin jikinsa sama ya cafke ta, haƙoran suka haɗu da wata ƙara kamar an rufe ƙofar babbar mota, sai ga su duka biyu a bayana sun riƙe mini riga. Yarinyar ba ta zo bakin ramin ba. Tana can cikin fijo da kwandonta, ta ɗaga gilashi.

La'asar sakaliya muka iso gida. Matata na tsakar gida tana kwashe shanya. Yarinyar ta shiga gabana da kwandon a ka, ta sauke, ta buɗe. Zakaran ya fito ya karkaɗe jiki.

Matata ta miƙe tsaye a hankali. “Mi na ce muku?”

“Ba namu ba ne, Inna. Na mai gidan kada ne. Kiwo ya ba ni.”

“Kiwon mi?”

Ta ɗaga ƙafar zakaran ta nuna jan zaren. Matata ta dube ni. Na ce haka aka yi, an ba da gaisuwa, an karɓa, mai abu ya ba da amanar abinsa, ga shaida. Bakanike, wanda ya tsaya a bakin zaure don kada ya rasa ƙarshen labarin, ya ɗaga hannu ya ce, “Mama, a gabana aka ƙulla.”

“Kai kuma wa ya tambaye ka? Je ka wanke hularka.”

Ta sunkuya ta kama ƙafar zakaran da kanta, ta duba ƙullin, ta ja shi kaɗan ta ga ba na yaro ba ne. Matata tana da zafi, amma ko allurar wani ba ta taɓa kwana a hannunta ba da izini ba. Na ga tana neman ƙofa a cikin maganar, ta zagaya ta ko'ina, ba ta samu ba. Ta saki ƙafar.

“To. Dukiyar mutane ba ta yawo sake a gidana. Ke mai kiwo, gobe ki nemo kara a yi mishi akurki can bayan rumbu, nesa da ɗakina. Abin da ya ɓata, ke za ki gyara.”

“To, Inna.”

“Kai kuma, mai yawon duniya, baƙi na nan tafe, kuma ba tarihin kada za su ci ba. Zabbin ga naka da kake ƙirgawa safe da yamma, ka zaɓo mini masu ƙiba.”

Ina da 'yan zabbi da na sha wahalar rainonsu, ina ji da su. Na buɗe baki, na ga yarinyar na kallona, na rufe.

Ranar Juma'a ɗana ya zo da baƙinsa, aka ci tuwon shinkafa da miyar zabbi, suka yaba. Bayan sun ci ya shiga cikin gida gaishe da uwarsa, ya hangi zakaran a bayan rumbu yana kai da komo a sabon akurkinsa.

“Inna, wancan ai ya isa yanka. Ku bari in tafi da shi, yara su sha romo.”

Yarinyar na zaune kusa da ita tana tsince wake. Ta ɗaga kai za ta yi magana, amma kakarta ta riga ta.

“Kul. Na wani bawan Allah ne can bakin iyaka. Amana ce ɗiyarka ta ɗauko, kuma a gidana take.”